Ruwa Yana Kan Wuta

A kasuwar safe ta garin Tsuruoka, tsoho Kiyoshi yana zaɓen ɗanyen waken soya a rumfar wata matashiya.

"Baba, ƙara mana, ka jefa a firji. Zai yi wata guda."

"Firji? 'Yata, waken nan yana kwana zaƙinsa ya tafi. Mu a da, sai an ɗora ruwa kafin a je gona a tsinko. Ina dawowa matata za ta murje shi da gishiri, sai tukunya. Yau ma sai da na ɗora na fito."

"Ashe tana can tana jiranka."

Ya miƙa mata reshen waken da ke hannunsa.

"Bara ta rasu. Ba kowa a wurin wutar. Ƙulla mini da sauri."