Layar da ke Gindin Bindiga

A tashar jirgin ƙasa ta Paris na ji wani dattijo yana tambayar mutumin da ke kusa da shi.

"Ɗana, bindiga nake gani a wayarka?"

"Tsohuwa ce, Baba, a shafin gwanjo. Zan je Lyon in gan ta wurin dillali mai izini kafin in saya."

"Farauta kake yi?"

"A'a. Dubi layar da ke gindinta. Ina zaton ta kakana ce, maharbin Tahoua. Wani Bature ya tafi da ita."

"Yaya za ka tabbatar?"

"Na san rubutun hannunsa. Sai dai in buɗe layar in duba."

"Ai laya in an buɗe ta, ta mutu."

"Na sani, Baba. Shi ya sa jirgi biyu suka tashi ina nan zaune."