Barcin Rahila a Jikin Buhun Gero

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa.

Matata Rahila ta yi ciwon daji, aka cire mata nono ɗaya a Sakkwato. Da wurin ya warke, likita ya sa mata wata jakar roba a ƙarƙashin fata. Ana ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan don fatar ta buɗe, a samu wurin gyara mata ƙirji.

Duk ranar da aka ƙara ruwan muka dawo Sabon Birni, ƙirjin yakan ɗaure mata kamar an ja igiya. Ita kuwa tun tana yarinya rub-da-ciki take kwanciya, ga shi an ce sai rigingine, kai a sama. Ta tara matasai, suka riƙa zamewa. Maƙwabciyarmu ta ce a gasa mata da ruwan zafi irin na masu jego, amma likita ya riga ya hana. Ya ce fatar wurin ba ta ji, za ta ƙone ba a sani ba.

Rahila ta rame, idanu suka faɗa. Wata safiya ta ce, "Baban Bulus, za ni ce masu su fidda abin ga. Na gaji."

Na san yadda ta ƙwallafa rai a kan gyaran nan. Ban yi mata gardama ba. Na tafi gona, na durƙusa cikin dawa, na ce wa Ubangiji barci kaɗai nake roƙa mata.

Da la'asar na tarar da ita a rumfa, ta jingina da buhun geron da na ajiye. Ta ce shi ba ya zamewa. Na zauna kusa, na buɗe Maganar Allah, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya yadda ake koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Ban kai rabin shafi ba na ji minshari!

Da ta farka ta ce, "Karatun ga naka, ko jaki ya ji sai ya yi kwana." Muka yi dariya har ta dafe ƙirji.

Muka shigar da buhun ɗaki, muka rufe shi da zane. Ciwon yana dawowa duk ƙarin ruwa, amma tana barci. Jiya ita da kanta ta tuna mini ranar komawa asibiti.

Na gode wa Ubangiji! Wanda yake jinya a cikinku, kada ya ga abin da yake bukata ya yi ƙanƙanta. Ya roƙa, Ubangiji yana ji. Amin.