Kitse Ya Zauna Inda Yake

A wata rumfar rigunan mama a kasuwar Sabon Gari, Malama Tabitha daga Samaru ta juya riga ta huɗu ta ajiye. Mai rumfar, Mama Nonye, ta ƙare mata kallo.

"Madam, ba laifin riga ba ne. Na hagunki ne ya ragu."

Kunya ta kama Tabitha, amma ta yi dariya. "Kai, idonki da kaifi! Ƙari aka cire mini bara, na kuwa warke, mun gode Allah. Yanzu 'yata ta matsa in je Legas, wai a zuƙo kitsen cikina a cike gurbin."

"Kitsen ciki? Da ni aka tambaya, da na raba wa duk Zariya kyauta!"

"Likita ya ce wurin zai iya daina ji, a taɓa ni ban sani ba. Wata jin ya dawo, wata shi ke nan."

"To, wa zai taɓa ki a waɗannan shekarun?"

"Jikata mana! Nan take kwantar da kai, ina jin ɗumin numfashinta. In rasa wannan don riga ta zauna daidai?"

Mama Nonye ta kamo hannun Tabitha ta ɗora a kan nata ƙirjin, gefen dama. "Matsa."

"Soso ne!"

"Shekara tara ke nan. Ni gaba ɗaya aka cire. Aljihu nake ɗinkawa a cikin rigar in cusa soso, duk kasuwar nan ba wanda ya sani."

"Ai yanzu na sani, 'yar'uwa."

"To zauna in ɗinka miki naki. Bar kitsenki inda Allah ya ajiye shi, jikarki ta samu matashi sama da ƙasa."