Siffar Allon Baba a Bango

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Garba ne daga Sabon Garin Jega.

Da aka ba mu jiha, wani ma'aikaci ya nemi hayar ɗakin marigayi Babanmu, wanda ya sha taba har ƙarshen ransa. Tun tasowata na ɗauka bangon ruwan ƙasa ne. Ina sauke allon karatunsa don in shafa farar ƙasa, sai ga siffar allon a bango, fara fat! Ashe duk sauran hayaƙi ne.

Inna ta dafa wurin ta ce, "Garba, haka ɗakin ga yake randa anka kawo ni. Kada ka taɓa nan."

Mai haya yana jira. Jama'a, in shafe, ko in bar wa Inna abinta?