Gajeren Geron da Goggo Ta Adana

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyar manoma, iyayena, yayyena da ƙannena, har da ku da kuke tsaye a bakin taga saboda kujeru sun ƙare, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba malamin gonarku damar magana, duk da cewa bana malamin ne ya koma ɗalibi.

Magana ta farko, damina ta sauya hali. A da, ruwan farko na sauka sai a fita shuka. Bana ya sauka, muka shuka, sai ya ɗauke kwana ashirin da uku, tsiro ya ƙone. Muka sake shukawa, ya sake ƙonewa. Da ruwa ya dawo da gaske, kwanakin da suka rage ba za su isa irin da na raba muku ya nuna ba. Yunwa ce ta leƙo, kowa ya gan ta.

Magana ta biyu, a kan baiwar Allahn nan ce da ke zaune a sahun gaba, wadda duk muke kira Goggo. Shekara shida da suka wuce na tarar da tuluna uku a ɗakinta, cike da wani gajeren gero mai nuna da wuri, wanda take sabuntawa kowace damina. Na ce, "Goggo, wannan iri ai ya tsufa, ki zuba wa kaji." Ta ce, "Ɗana, ni ma na tsufa, amma ba a zuba wa kaji ni ba."

Bana da ƙafata na je na durƙusa a ƙofarta. Ba ta yi mini gori ba, ba ta tuna mini ba. Kofi ta ɗauko, ta auna wa gida arba'in, kuma shi ne geron da kuka girbe. Lallai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Magana ta uku, abu ne da yawancinku ba ku sani ba. Tulunan nan ta zazzage su tas, ba ta rage wa kanta ko cikin tafin hannu ba. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ni baki ɗaya gare ni, su kuwa da yara." Gonarta kaɗai ce ba a girbi komai a cikinta ba bana.

Don haka ina roƙonku, kada dami ya shiga rumbun kowa sai na farko ya isa ƙofar Goggo.

Allah ya ja kwananta, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.