Ƙofar da keken Hamma bai shiga ba

Mai gabatarwa, barka da aiki, tare da duk masu sauraro. Ni Usman ne daga Nassarawo, Mubi.

Lokacin da 'yan bindiga suka kawo hari muka gudu daga gari, harbi ya sami yayana Hamma Buba a gadon baya a hanyar Maiha. Tun daga nan sai keken guragu. Da muka dawo, na sake gina masa ɗakinsa da aka ƙone. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Kwano, taga, ƙyaure, sakata, babu wanda ban duba da kaina ba. Magini ya tambaye ni faɗin ƙofa, na ce yadda aka saba.

Ran da maƙwabta suka taru addu'ar shiga ɗaki, na turo Hamma, keke ya tokare a ƙofa. Sai ɗaukarsa aka yi kamar jariri a gaban mutane. Ya yi dariya ya ce, "Usman, ɗaki ya yi kyau. Wa ka gina wa?"

A sakandare an koya mana cewa sassan abu daban, awonsa daban. Sashe kana iya cirewa ka sa wani, amma faɗi sai ka rushe bango. Na tara sassa, ban auna mai ɗakin ba.

Yanzu Hamma ya hana a taɓa bangon, wai na sha wahala. Kullum ɗaukarsa ake yi. Masu sauraro, in fasa bangon ba da izininsa ba, ko in ci gaba da roƙonsa? Har yau na kasa haɗa ido da shi.