Wurin Zama a Kwalekwalen Ƙarshe

A mashigin kogin Oka na ƙasar Rasha, kwalekwalen ƙarshe na shirin tashi kafin ruwa ya daskare. Daga cikinsa Fekla mai kifi ta hango wani tsoho a bakin gaɓa, rigar sarautarsa duk ta koɗe.

"Baba, shigo mana, ga wuri can baya."

"Baya? 'Yata, kan wurin zama aka kore ni daga Mosko. A walimar Sarki aka zaunar da ni ƙasa da wanda kakana ya fi kakansa daraja, na tashi na fice."

"Yanzu fa?"

"Kullum ina mafarkin fada. Kyandirori na ci, ƙararrawa na kaɗawa, ana kiran sunana."

"Ranka ya daɗe, sanyi zai kashe ka a nan."

Ya yi murmushi, idonsa na kan hazo. "Ku tafi. Za a aiko mini da nawa jirgin daga fada."